Hayaƙin kabu-kabu: gawayi ba zai sauke wa magabata nauyinsu ba

Duk wanda ya tsaya a bakin babbar kasuwar Maraɗi da la'asar, ko a kewayen kasuwar Dole ta Damagaram ranar Alhamis, ko a mashigar gadar Kennedy ta Yamai lokacin tashi daga aiki, ba ya bukatar likita ya gaya masa abin da yake shaƙa. Idanu suna yaji, maƙogwaro yana kartawa, tufafi suna komawa gida da warin mai. Sana'ar kabu-kabu, wadda ta shigo ƙasar nan ta garuruwan kan iyaka irin su Ƙwanni da Gaya, ta zama abincin dubban iyalai, ta zama ƙafar talaka zuwa kasuwa da asibiti da makaranta. Amma kowane babur yana jan wutsiyar hayaƙi a bayansa, kuma hayaƙin nan cikin ƙirjin jama'a yake kwana.

Daga cikin dabarun da masu bincike ke gwadawa a ƙasashen da babura suka yi yawa, musamman Indonesiya mai babura fiye da miliyan 100, akwai ta ɗaura ɗan gwangwani cike da sarrafaffen gawayi a bakin salansa, domin ya kama gubar kafin ta fita. Dabara ce mai daɗin ji ga ƙasa irin Nijar: kayanta ba su da tsada, ana iya haɗa su a gida, kowane maƙerin walda zai iya ɗaura su. Sabili da wannan daɗin jin ne ya kamata a auna ta da kyau tun kafin wani ya mai da ita abin ƙaddamarwa da jawabi da tafi. Gawayin nan yana da amfani na gaskiya, amma amfaninsa a bakin salansa kaɗan ne kuma ba ya daɗewa. Wanda ya dogara da shi ya bar ainihin ciwon, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba.

Abin da ke cikin hayaƙin

Hayaƙin babur ba abu guda ba ne. Da farko akwai iskar karbon monoksid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana fitowa ne idan mai ya yi yawa a cikin inji iska ta yi kaɗan. Idan ta shiga huhu, jini yana riƙe ta da ƙarfin da ya ninka yadda yake riƙe iskar oksijin fiye da sau 200. Ita ce ke kawo ciwon kai da jiri da kasala, a ɗaki rufaffe kuwa kisa take yi. Na biyu akwai ɓurɓushin man da bai ƙone ba, a cikinsa har da sinadarin benzen, wanda likitoci suka tabbatar yana haddasa sankarar jini. Na uku akwai iskokin nitrojin masu fusata hanyoyin numfashi, masu tayar wa mai asma da ciwonsa. Na huɗu akwai ƙananan ƙwayoyin toka da na baƙin mai, waɗanda saboda ƙanƙantarsu suke ratsa huhu su shiga jini.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 4.2 kafin lokacin tsufansu a shekarar 2019. Tun 2013 cibiyarta mai binciken sankara ta sanya wannan iska cikin jerin abubuwan da ke haddasa cutar. A Kwatano, binciken da aka yi a kan ƴan zemijan, wato ƴan kabu-kabun Benin, ya nuna suna shaƙar benzen fiye da mazauna ƙauyuka nesa ba kusa ba. Abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awai. Wanda ya fi kowa shan wannan guba shi ne ɗan kabu-kabun kansa, wanda yake yini hancinsa a bayan salansar ɗan uwansa. Bayansa sai mai tuyar ƙosai a bakin hanya, da ɗan sandan da ke ba da hannu, da yaron da tsawonsa bai wuce tsawon salansa da yawa ba. Rawani da ƙyallen rufe hanci suna rage ƙura, amma karbon monoksid ratsa su take yi kamar babu su. Idan hunturu ya zo da hazonsa, sai a yi ana kukan targaɗe ga karaya.

Gawayin da ake magana

Ya kamata mai karatu ya bambanta sarrafaffen gawayi da gawayin shayi ko na guga. Ana fara ƙona itace ko ɓawo mai tauri ba tare da iska ba, a zafin digiri 400 zuwa 600. Daga nan sai a sake gasa shi da tururin ruwa a zafin da ya kai digiri 800 zuwa 1,000, ko kuma a jiƙa shi da wasu sinadarai kafin gashin. Wannan aiki na biyu shi ke huda masa ƙofofi ƙanana bila adadin waɗanda ido ba ya gani. Da za a shimfiɗa bangon ƙofofin da ke cikin giram 1 kacal, faɗinsa zai kai murabba'in mita 500 zuwa 1,500. Wato giram 10 sun isa su rufe kusan filin ƙwallon ƙafa. Iskar da ta ratsa ta cikinsa, wasu daga cikin sinadaranta suna mannewa a wannan bango kamar yadda ƙura ke mannewa a jiƙaƙƙen zane.

Ba sabon abu ba ne. Da shi masanin Rasha Zelinski ya haɗa abin rufe fuska na kare sojoji daga iskar guba a 1915. Da shi ake tace ruwan sha, da shi ake tace sukari, kuma likitoci suna ba da shi ga wanda ya sha wasu nau'o'in guba. Gwaje-gwajen da ɗaliban jami'o'in Indonesiya suka yi da gawayin ɓawon kwakwa sun nuna raguwar guba a bakin salansa, kuma babu dalilin ƙaryata su. Abin tambaya shi ne a wane hali aka auna. Galibin irin waɗannan gwaje-gwaje ana yin su ne babur yana tsaye, gawayi sabo fil, na ɗan lokaci. Ɗan kabu-kabu kuwa ba a tsaye yake cin abincinsa ba.

Inda dabarar take tuntuɓe

Cikas na farko shi ne cika. Gawayi ba ya kashe guba, ajiye ta yake yi, kuma kowane rumbu yana da iyaka. A ɗauki babur mai inji 125, irin wanda ya cika titunan ƙasar nan. Idan injin yana juyi 4,000 a minti, yana iya zuƙar iska har lita 250 a wannan minti guda. Ko rabin haka aka ɗauka, a cikin awa 8 na aiki lita 60,000 ke nan za su bi ta salansa. Gwangwani mai giram 200 ko 300 na gawayi ba zai daɗe a gaban wannan ambaliya ba. Bugu da ƙari, kowace lita ta fetur idan ta ƙone tana haifar da kusan lita guda ta ruwa a siffar tururi, kuma tururin nan yana gasa da gubar wajen neman mazauni a cikin ƙofofin. Toka da baƙin mai su kuma suna toshe bakin ƙofofin gaba ɗaya. Gawayin da ya cika ba ya sauya kama, ba ya ba da alama. Mai babur zai ci gaba da yawo da shi yana zaton yana tsare lafiyar jama'a, alhali kuwa ado kawai ya rataya.

Cikas na biyu shi ne zafi. Mannewar nan tana ƙarfi ne a cikin sanyi, tana raunana idan zafi ya ƙaru. Hasali ma da zafi masana'antu suke wanke gawayin da ya cika, su kore abin da ya riƙe. Hayaƙi yana barin inji da zafin ɗaruruwan digiri, kuma salansar babur gajera ce, ba ta ba shi damar hucewa sosai. Saboda haka abin da gawayi ya kama da sanyin asuba, yana iya sakinsa da rana tsaka idan inji ya ɗauki zafi. Kada kuma a manta cewa gawayi makamashi ne. Ajiye shi cikin iska mai zafi, kusa da tankin mai da ƙafar fasinja, abu ne da ke bukatar gwaji mai tsanani.

Cikas na uku shi ne zaɓe. Gawayin nan ya ƙware wajen kama sinadarai masu nauyi irin su benzen da tururin fetur. Karbon monoksid kuwa, wadda ta fi kowace guba yawa a hayaƙin babur, ba ta cika zama a jikinsa ba. Shi ya sa masu ƙera abin rufe fuska na ƴan haƙar ma'adinai suke amfani da wani haɗi na daban, na jan ƙarfe da manganis, domin ita kaɗai. Ana iya shafa wa gawayi irin waɗannan ƙarafa ya ƙara kama ta, amma daga nan ya tashi daga kayan arha da maƙerin unguwa zai haɗa.

Cikas na huɗu shi ne numfashin injin kansa. Duk abin da aka cusa a salansa yana tare hanyar fitar hayaƙi. Ƙarfin babur yana raguwa, shan mai yana ƙaruwa. Mutumin da zai kai wa mai babur kuɗin yini kafin ya cire na cefane, idan ya lura babur ɗinsa ya daina hawa tudu da fasinja biyu da buhu, ba zai kai mako bai kwance gwangwanin ba. Kuma ba wanda zai ga laifinsa.

Inda gawayi yake da gaskiya

Duk da haka akwai wurin da gawayin nan ya daɗe da tabbatar da kansa a jikin abin hawa, wato kusa da tankin mai. Fetur yana tashi sama ko inji a kashe yake, balle a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40 a inuwa. Tun farkon shekarun 1970 motocin Amurka suke ɗauke da ɗan gwangwanin gawayi wanda ke kama wannan tururi. Idan aka tada inji, sai ya zuƙo iska ta cikin gwangwanin, ya kwashe tururin ya ƙone shi, gawayin ya koma fayau yana jiran wani. A nan tururin ba shi da zafi, ba shi da yawa, irin wanda gawayi ya iya kamawa ne, kuma rumbun yana zazzage kansa a kowace tafiya. Tarayyar Turai ta shigar da awon wannan tururi cikin dokar babura ta Euro 4 daga 2016, Indiya ma ta bi sahu a 2017.

Hayaƙin salansa kuwa maganinsa da duniya ta amince da shi ita ce tukunyar sauya hayaƙi, wadda ta shiga motocin Amurka a 1975. Cikinta kamar saƙar zuma yake, an shafe shi da ƙarafa masu daraja, platin da paladiyom da rodiyom. Ba ta ajiye komi: tana juya karbon monoksid da ɗanyen mai da iskokin nitrojin zuwa iskokin da ba su da wannan guba, kuma zafin da ke karya gawayi shi ne abincinta. Sharaɗinta biyu ne, mai tsabtatacce da inji mai daidaiton awo.

Kada a tsere wa gara a faɗa gidan zago

Akwai wani haɗari da ya shafi Nijar fiye da Indonesiya. Su can ɓawon kwakwa ne ya yi musu yawa. A nan kuwa, ranar da aka ce gawayi maganin hayaƙi ne, ba kowa zai tsaya bambanta sarrafaffe da na kasuwa ba, kuma gatari ne zai amsa kira. A ramin gargajiya sai an ƙona itace kilo 5 ko fiye kafin a samu kilo 1 na gawayi, sannan sarrafa shi yana cinye wani kaso mai yawa. Gawayin da ake sauyawa a kai a kai, a ninka shi da yawan baburan Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, ba ƙaramin daji zai ci ba. Ƙasar da ta yi taron Maraɗi na yaƙi da hamada a 1984, wadda manomanta suka raya itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 ta hanyar sassabe na zamani da barin tsiron gawo da kalgo a gonaki, ba ta da itacen da za ta ƙona domin cusawa a salansa.

Hanyar da ta dace tana nan, kuma ƴan ƙasa sun fara bin ta. Masana kimiyyar sinadarai na Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai sun sarrafa irin wannan gawayi daga ƙwallon aduwa da na magarya. Ga ƙwallon goruba, ga ɓawon gyaɗa da ake zubarwa. Wannan aiki ya cancanci tallafi, domin ƙasa tana bukatar gawayin tace ruwa da na asibiti da na gwangwanin tankin mai. Idan wani mai bincike a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ko André Salifou ta Damagaram, ko Djibo Hamani ta Tawa yana ganin zai iya shawo kan matsalolin salansa, a ba shi kayan awo, a ba shi babura goma na haya, ya bi su wata guda cikin zafi da ƙura, ya fito da lambobin kowa ya gani. Kafin wannan rana, kada a tilasta wa kowa saye, kada a bar kowa ya sayar da sunan kariyar lafiya.

Tushen ciwon

Ruwa ba ya tsami banza. Hayaƙi yana fitowa ne daga abu uku: irin baburan da ake shigowa da su, irin man da suke sha, da irin gyaran da suke samu.

Game da babura, tsofaffin mobilet da ire-irensu masu bugu biyu, waɗanda ake gauraya musu fetur da baƙin mai, suna iya zubar da kashi ɗaya cikin huɗu na mansu ko fiye bai ƙone ba. Waɗannan sun ragu, masu bugu huɗu na Sin da Indiya sun maye gurbinsu. Amma ƙasashen biyu sun ƙara wa kansu doka: Sin ta tsaurara ƙa'idar babura a 2019, Indiya a watan Afrilun 2020, abin da ya sa masana'antunsu suka koma ga injuna masu auna mai da na'ura tare da tukunyar sauya hayaƙi. Ke nan masana'antun da ke ƙera wa Afirka babura sun san yadda ake ƙera mai tsabta. Kowace kasuwa abin da dokarta ta nema ake kai mata.

Game da mai, an taɓa yin nasara. Bayan sanarwar Dakar ta 2001, ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina fetur mai dalma daga farkon 2006, duniya baki ɗaya ta rabu da shi a 2021. Saura farar wuta, wato kibritu, wadda ke rage ƙarfin tukunyar sauya hayaƙi. Turai ta tsaida iyakarta a kashi 10 cikin miliyan tun 2009. A watan Fabrairun 2020, a Wagadugu, ministocin ƙasashen CEDEAO sun amince da kashi 50 cikin miliyan ga man da ake shigowa da shi. Nijar ta fice daga wannan ƙungiya a watan Janairun 2025, amma huhun ƴan ƙasa bai sauya ba, kuma babu abin da ya hana ta, ita kaɗai ko tare da Mali da Burkina Faso, ta kafa tata ƙa'idar. Ƙasar da take da matatar SORAZ tun Nuwamban 2011, mai ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, tana da damar da maƙwabta da yawa ba su da ita: ta auna manta, ta bayyana wa jama'a abin da ke cikinsa. Man ƴan ruwa-ruwa kuwa, wanda ke yini cikin kwalabe a rana da ƙura, ba mai iya rantsuwa a kan abin da ya ƙunsa. Janye tallafin mai da Najeriya ta yi a watan Mayun 2023 ya girgiza wannan sana'a, amma bai kawo awo ba.

Game da gyara, a nan ne arha ta gaskiya take. Kabureta da aka saita daidai, matatar iska da aka wanke daga ƙurar hunturu, buji mai kyau, baƙin mai da aka sauya a kan lokaci, zoben fistin da aka canja idan babur ya fara shuɗin hayaƙi: waɗannan suna rage guba tun daga cikin inji, kuma suna rage wa mai babur kuɗin mai. Wannan ne kaɗai maganin da aljihun ɗan kabu-kabu zai yi maraba da shi ba tare da ɗan sanda ba.

Abin da ya rage wa magabata

Za a ce da babu gara ba daɗi, kuma babur mai tukunyar sauya hayaƙi ya fi tsada. Gaskiya ne ya fi tsada. Amma jami'an duwan suna da mabuɗi a hannunsu: a rage kuɗin fito ga babur mai cika ƙa'ida, a ƙara wa wanda bai cika ba, a ba ƴan kasuwa wa'adi sananne. Hukumar ƙayyade inganci da awo ta ƙasa ta riƙa ɗaukar samfurin mai a gidajen mai tana bayyana sakamako. Hukumomin birane, waɗanda ba sa mantuwa da ƴan kabu-kabu ranar karɓar haraji, su mai da wani kaso na kuɗin wajen sayen na'urar auna hayaƙi, su ajiye ta a hannun sandika da amintattun gareji, a fara da gyara da nasiha kafin a kai ga tara. Makarantun koyon sana'a su horar da makanikan babura a kan saitin inji. A kuma kafa ma'aunan iska a manyan mahaɗar tituna, domin ciwon da ba a auna ba ba a sanin ranar da ya yi sauƙi.

Hukuma ta nuna tana iya taɓa babur idan ta ga dama. An hana hawansa a jihar Diffa a 2015, an hana a sassan Tilaberi a 2020, Kano ta hana acaɓa a 2013, duka saboda tsaro. Ruwanda ta daina yi wa sababbin baburan haya masu shan fetur rajista a Kigali daga Janairun 2025, domin ta tura sana'ar ga masu aiki da lantarki. Ba a neman a hana kowa sana'arsa a nan, kuma wutar lantarkin ƙasar nan ba ta kai a yi gaggawar kwaikwayon Kigali ba. Abin da ake nema shi ne a ɗauki ƙirjin talaka da muhimmancin da ake ɗaukar sauran lamuran tsaro.

Gwangwanin gawayi yana da farin jini ne domin yana ɗora nauyin duka a wuyan mai babur, wanda shi ne mafi rauni a cikin jerin masu hannu. Mai shigo da babur, da mai sayar da mai, da mai rubuta doka, kowa sai ya wanke hannunsa ya ce an samu magani. Gyara kayanka kuwa ba ya zama sauke mu raba. A bar gawayi ya yi aikin da ya iya a tankin mai da randar ruwa, a bar masana su ci gaba da bincike, magabata kuma su ɗauki nasu kason tun kafin asibitoci su cika da masu tari. Allah ya ba su ikon ji, ya kare lafiyar masu neman halali a kan titi.